Jawabin Taron Ƙungiya: Mu Rubuta Asalin Gidajenmu



Kakanninmu sun baro Kano, Katsina da Zariya suka zauna nan Bauchi. Yau dattawa suna ta rasuwa, labarin zuwanmu yana bin su kabari. Sai rabon gado ya taso, a rasa wanda ya san asalin gida.

To, akwai darasi daga ƙasar Sin. A 1936 wani ɗalibi, Fei Xiaotong, ya zauna cikin mutanen ƙauyen Kaixiangong yana lura, yana tambaya: mutum nawa ne a gida, wa ke gadon gona, yaya ake aure, me sana'ar siliki ke kawowa. Littafinsa ya fito a Landan a 1939, har yau ana karanta shi.

Hanyar ke nan, jama'a: a yi tambaya iri ɗaya a kowane gida, a rubuta nan take, sannan a gwada maganar wannan da ta wancan. Mata kuwa, mata 'yan'uwansu za su tambaye su.

Don haka muna roƙo kowane gida ya ba da yaro ɗaya mai ilimi, da littafi da biro. Mu fara da tsofaffi tun suna raye.

Allah ya ba mu iko, amin.