Jakin da Ya Iya Karatu: Gandun Dabbobi a Takarda da a Majigi



An nemi mu kawo bayanin abin da muka gani bayan mun karanta littafin George Orwell mai suna Animal Farm, wanda ya fito a Ingila a 1945, muka kuma kalli fim ɗin zane da John Halas da Joy Batchelor suka yi a kansa a 1954. Da yawanmu ta bakin Bala Abdullahi Funtuwa muka fara jin labarin, a fassararsa ta 1975, Gandun Dabbobi. Saboda haka da sunayen da ya raɗa za mu kira dabbobin: Maitumbi shugaban aladu, Karambana kakakinsa, Akawal ingarman doki, Goɗi abokiyar aikinsa, da kuma Aura jaki.

Ƙashin labarin ɗaya ne a duka biyun. Dabbobi sun kori ubangijin gona azzalumi, sun rubuta dokoki bakwai a jikin bango, sannan aladu suka gaje zaluncin. A ƙarshe ne hanya ta rabu. Littafin ya rufe da aladu da mutane a teburi guda, suna sha suna karta, har rigima ta ɓarke a kan maguɗi, dabbobi kuwa suna leƙe ta taga sun kasa bambanta fuskar alade da ta mutum. Ba wanda ya motsa. Orwell da kansa ya ce taron Tehran na 1943, inda shugabannin Tarayyar Sobiyet da Amurka da Birtaniya suka zauna tare, shi ne a ransa. Fim ɗin kuwa ya fitar da mutane daga wannan liyafa, ya bar aladu zalla, sannan ya sa dabbobi suka yi gangami suka afka wa Maitumbi, Aura na kan gaba.

Wannan canji yana da tarihi. Orwell ya rasu a 1950, kuma daga baya ta bayyana cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta zuba kuɗi a fim ɗin a ɓoye, lokacin yaƙin cacar baka. Mai biyan kuɗi yana son a ga laifin Mosko, ba ya son a ga nasa mutanen a teburin karta. Littafin da ke gargaɗi a kan masu gyara rubutu da dare, shi ma an yi masa gyaran.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai, mu malamai, shi ne abin da aka yi wa Aura. A babi na uku Orwell ya zayyana ajin yaƙi da jahilci na gandun kamar mai cika takardar sakamako. Akawal, a littafin Turanci, bai wuce harafi na huɗu ba. Goɗi ta haddace baƙaƙe duka, amma ta kasa haɗa su su zama kalma. Yawancin sauran sun tsaya a harafin farko. Aura ya iya karatu kamar kowane alade, sai dai ba ya yi, yana ganin babu abin da ya cancanci a karanta. Kowannenmu ya san waɗannan ɗalibai. Wasu ma suna zaune a ajinmu yanzu haka.

Daga nan duk ɓarnar ta biyo. Ana ƙara wa dokokin bango kalma ɗaya ko biyu, Goɗi ta ji a jikinta cewa ba haka suke ba, amma ba ta da hujja. Wani dare aka ji faɗuwa, aka tarar da Karambana a ƙasa kusa da karyayyen tsani, ga fitila ga gwangwanin fenti. Aura kaɗai ya gane, ya kaɗa kai, ya yi shiru. Da aka haifi 'ya'yan aladu talatin da ɗaya, su aka shirya gina wa aji, aka kuma hana su wasa da 'ya'yan sauran dabbobi. Ba sai mun yi sharhi a nan ba.

Sai batun ritaya, wanda muka ga dattawanmu sun gyara zama da muka iso gare shi. An yanke wa dawaki shekara goma sha biyu, an yi musu alkawarin abincin fansho da makiyaya ta musamman. Makiyayar aka nome, aka shuka sha'ir don giyar aladu. Akawal ya faɗi a bakin aiki saura kaɗan ya cika shekarunsa, aka ce asibiti za a kai shi. Bayan kwana biyu ne Aura ya ɗaga murya ya karanta abin da ke rubuce a jikin keken da ya zo ɗaukarsa: na mai yanka dawaki ne. Nan take keken ya kama hanya. Da kuɗin aladu suka sayi akwatin wiski, kuma har littafin ya ƙare ba dabbar da ta taɓa yin ritaya.

Fim ɗin ya riƙe wannan keke, kuma wurin yana sa ƙwalla; ba za mu hana shi yabonsa ba. Sai dai jakinsa jarumi ne mai ƙwazo, wanda mai kallo zai so ya ce shi ne. Jakin littafi kuwa mai ilimi ne da ya ga komai tun farko, ya zaɓi lafiyar kansa, har abin ya ci amininsa. Da muka tambayi junanmu sau nawa aka kawo takardar da ta shafi albashi ko ƙarin girma muka sa hannu ba mu karanta ba, ko muka karanta muka gane muka bar na kusa da mu cikin duhu, ɗakin ya yi tsit.

Shawararmu ga masu koyar da adabi ita ce, kada a kunna fim ɗin sai ɗalibai sun karanta babi na uku da na tara da na goma da bakinsu, da Hausa ko da Turanci. Bayan sun kalla, a ba su takarda su rubuta wane ne ya canza ƙarshen, kuma me ya samu. Mu ma za mu kawo namu amsoshin a zama na gaba, tare da takardun fanshon da muka daɗe muna ajiyewa ba mu duba ba.