Sanyi Daban, Sabuwar Iska Daban



A yawancin ofisoshinmu an rufe tagogi ruf, an kafa na'urar sanyaya ɗaki a bango, kowa ya ɗauka an gama. Alhali irin wannan na'ura iskar cikin ɗakin take juyawa tana sanyayawa, ba ta shigo da ta waje. Numfashin da muka fitar shi muke sake shaƙa.

Tun a 1858 masanin kiwon lafiyar jama'a na birnin Munich a Jamus, Max von Pettenkofer, ya ce idan kabon dayoksaid, wanda muke fitarwa a numfashi, ya haura kashi 1,000 cikin miliyan, iskar ɗaki ta gurɓata. A fili yau wajen 420 ne. Bayan tsadar mai ta 1973, Turai da Amurka suka toshe gine-gine don rage kashe kuɗi, sai ma'aikata suka shiga kukan ciwon kai da ƙaiƙayin ido da kasala, waɗanda ke lafawa da zarar sun bar ginin.

A ginin da ke sarrafa iskarsa da kansa, ma'aunin kabon dayoksaid ne a bango yake sanar da kwamfutar gini. Idan ɗaki ya cika, lambar ta hau, sai kwamfutar ta buɗe ƙofar bututun iska ta ƙara wa fanka gudu. Jama'a na watsewa ta sassauta, a huta da ɓarnar wuta. Akwai ƙa'idar BACnet, wadda ta fito a 1995, da ke sa na'urorin kamfanoni daban-daban su fahimci juna.

To, ga inda nake so mu tsaya. Wannan tsari ya ɗauka cewa iskar waje tsaftatacciya ce. Ku tuna hunturu, lokacin da ƙurar kwarin Bodele na Chadi ke lulluɓe Kano da Damagaram. Ma'aunin kabon dayoksaid bai san ƙura ba, zai buɗe ƙofa hazo ya shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta ba da shawarar kada ƙananan ƙwayoyin ƙura, PM2.5, su wuce maikrogiram 15 a kowace mita kubik a matsakaicin sa'o'i 24. Don haka sai an sa ma'aunin ƙura ciki da waje, da matata mai kyau, kuma a koya wa kwamfutar auna biyun kafin ta buɗe. Sannan don Allah a nesanta janareta daga mashigar iska. Hayaƙinsa na kisa, kuma ma'auninsa daban ne.

Ma'aunan ma suna kaucewa. Da yawansu kan gyara kansu bisa zaton ginin kan zama wayam lokaci-lokaci, amma ɗakin kwanciyar asibiti ba ya rabuwa da mutane dare da rana, don haka sai an bi ma'auninsa da gwaji da hannu. Ɗalibaina, duk kwangilar da za ku rubuta, ku sa kuɗin sauya matata da gwada ma'aunai na kowace shekara, ku kuma faɗi ofishin da alhakin ke wuyansa.