Jawabi Kan Horar Da 'Ya'yanmu Masu Aikin Gini



Da an gama girbi, samarin garinmu kan tafi ci-rani Abuja da Legas, su ɗauki kwanon kankare su hau bene, ba hular kwano, ba igiya a ƙugu. A Nuwamban 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi, mutum fiye da 40 suka rasu, galibinsu ma'aikata.

Ajali na Allah ne, amma mu da muka riga su shiga birni, me muka koya musu?

Muna roƙon ƙungiya ta ware kuɗi, maginanmu su horar da su kafin tafiya: kafa tsani, nisantar wayar lantarki, gane tsagewar gini, da haƙƙinsu na diyya a dokar 2010.