Walin Katsina Bello Kagara da Bashin da Daura Ke Bin Marubutanta



An nemi in yi magana a kan marubucin da ke ɗaukar tarihi ya mai da shi ƙagaggen labari domin matasa. To, ba sai mun haye teku wajen neman misali ba, domin kuwa muna da shi a nan kusa, a birnin Katsina, watau marigayi Walin Katsina Malam Muhammadu Bello Kagara, mawallafin Ganɗoki. Niyyata ita ce in faɗi ko wane ne shi, in nuna inda littafinsa ya yi ƙarfi da inda ya yi rauni, sa'an nan mu juyo Daura mu ga darasin da ke ciki dominmu.

An haifi Malam Bello a Kagara cikin 1890, kuma shi ne yayan Alhaji Abubakar Imam. Ya yi karatun addini a gida, ya kuma yi na boko a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano. Daga baya ya koyar a Kwalejin Katsina, inda ƙanensa Imam da Abubakar Tafawa Balewa suka yi ɗalibta. Ya yi alƙalanci a Katsina har aka naɗa shi Wali, ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Allah ya yi masa rasuwa cikin 1971.

A 1933 ne Dokta R. M. East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, saboda 'yan makaranta sun iya karatun boko amma babu abin da za su karanta don nishaɗi. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Biyu daga cikinsu, watau Ganɗoki da Shaihu Umar, a kan tarihi suka tsaya. Ashe ke nan tun ranar da aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko, tare da tarihi aka haife shi, kuma matasa aka nufa da shi.

Ƙarfin Ganɗoki yana cikin kashinsa na farko. Lokacin da Turawa suka ci Kwantagora cikin 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fita, Malam Bello yaro ne ɗan wajen shekara 11 a wannan yanki. Yana ɗan wajen shekara 13 aka yi yaƙin Burmi cikin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama. Watau ya tashi a cikin mutanen da suka ga abin da idonsu, ya ji shi daga bakinsu. Da ya zo rubutu sai ya bar sarakuna da garuruwa da sunayensu na gaskiya, ya ƙagi barde guda, Ganɗoki, ya jefa shi a tsakiyarsu, ya ba shi baki ya faɗi labarin da kansa cikin kirari da alfahari irin na mazajen fama. Yaron da ba zai iya riƙe shekarar da aka ci gari ba, ba zai manta da barden da ya tsaya a ƙofar garin ba. Wannan ita ce dabarar, har yau kuwa ba ta tsufa ba.

Amma fa kashi na biyu ya bi wata hanya dabam. Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka nausa gabas, labari ya shiga ƙasashen aljannu da abubuwan al'ajabi. Da jarumin ya komo gida kuwa, sai ya tarar zamani ya sake, ya kuma yi na'am da sabon mulkin da ya yaƙa da fari. Ba zan ɗora wa Malam Bello laifi ba, gama ma'aikaci ne, hukumar Turawa ce kuma za ta buga littafin. Duk da haka dole mu lura cewa matashin da ya rufe littafin ba a faɗa masa yadda talaka ya ji da haraji da aikin tilas ba. Inda marubuci ya riƙe abin da shaidu suka faɗa masa, littafin ya tsaya da ƙafarsa. Inda ya sake shi, sai ya zama tatsuniya mai daɗi kawai.

Yanzu bari mu juyo gida. Duk yaron da ya shiga firamare ya san Bayajida da Daurama, da macijin rijiyar Kusugu, da Bawo da Hausa Bakwai. Wannan abin alfahari ne, ba mai ja. Sai dai kash, sau da yawa a nan ilminmu yake tsayawa, kamar dai babu abin da ya auku a Daura tun ranar da aka sare kan maciji.

Alhali kuwa akwai shekaru wajen ɗari da suka isa a cika littattafai da su. Wajen 1805 Malam Isiyaku, mai riƙe da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa ba ta ɓace ba, ta kafa sarauta a Zango da Ɓaure, ta zauna tsakanin Fulanin da ke birni da ƙarfin Damagaram daga arewa. A farkon mulkin Turawa aka ɗauko Malam Musa daga Zango aka naɗa shi Sarkin Daura, sarauta ta koma tsohon gidanta. Ɗansa Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, sa'an nan Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007. Cikin wannan zamani ne kuma Ingila da Faransa suka shata iyakar da ta raba 'yan'uwa, wasu a Nijeriya, wasu a Nijar. Masanin nan M. G. Smith ya tattara yawancin wannan tarihi cikin littafinsa The Affairs of Daura na 1978, amma da Turanci yake, kuma don manyan malamai aka yi shi. Ɗan sakandare na Mai'aduwa ko Sandamu ba zai ɗauke shi da dare ya karanta wa ƙannensa ba.

Ku ƙaddara an ƙagi yaro ɗan shekara 15 wanda aka haifa a Zango, kakarsa tana ba shi labarin birnin da bai taɓa gani ba, har ranar da ya biyo ayarin sarki aka shiga Daura. A birnin kuwa ya gamu da tsaransa, wanda gidansu ne sarauta ta bari a wannan rana. Murnar wancan ita ce baƙin cikin wannan, dukansu kuwa 'yan Daura ne.

Wanda zai ɗauki wannan aiki ina ba shi shawara uku. Ta farko, ya ƙagi mutanensa yadda ya so, amma kada ya taɓa shekara, ko sunan sarki, ko wanda ya yi nasara, domin yaro yakan gaskata abin da ya gani a rubuce. Ta biyu, ya yi adalci ga kowane ɓangare, gama jikokin Malam Isiyaku da na Sarkin Gwari suna aji ɗaya a yau, kuma littafin da zai sa ɗayansu ya sunkuyar da kai ya ci amana. Ta uku, ya tafi wurin tsofaffi tun da sauran lokaci. Waɗanda suka ga komowar Malam Musa duk sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka yi wayo a zamanin Abdurrahman kuwa suna raguwa kowace damina, tare da makaɗa da maroƙan da suka riƙe kirarin gidaje. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan'uwana, Malam Bello ya rubuta Ganɗoki ne shekara wajen talatin bayan aukuwar abin, shaidu suna da rai. Mu namu ya fi wuya, amma muna da na'urar ɗaukar murya a aljihu, muna da hutun ƙarshen zango. Wanda duk ya koma gida a wannan hutu, ya zauna gaban dattijo guda, ya rubuta abin da ya ji, ya rage bashin da ake bin mu.

Allah ya ji ƙan Wali Bello Kagara, ya ba mu ikon riƙe amana.