Takarda A Hannu, Aiki Ya Gagara: Halin Da Masu Babban Digiri Suke Ciki A Kaduna



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda arzikin bayi yake hannunSa Shi kaɗai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwana Musulmi, an nemi in yi magana a kan wani al'amari da ya shiga kusan kowane gida daga Kawo zuwa Tudun Wada, daga Malali da Unguwar Rimi zuwa Badarawa da Rigasa. Al'amarin kuwa shi ne na ɗan da ya yi digiri na farko, ya yi bautar ƙasa, ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Jihar Kaduna, ko sashen manyan digiri na makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, ya yi na biyu, wani ma har da digirin digirgir, amma ga shi nan kullum safiya da ambulan a hammata yana zagayen ofisoshi. Mahaifinsa ya sayar da fili ko ya karya kuɗin sallamarsa don wannan karatu, yau kuma shi ne yake ba shi kuɗin mota.

Kafin mu zargi kowa, ya kamata mu san yadda aka yi aka zo nan. Garin Kaduna gari ne da aka gina a kan albashi. Nan ne hedikwatar Jihar Arewa har zuwa shekarar 1967, kuma a zamanin Sardauna, Sir Ahmadu Bello, gwamnati ce take farautar ɗan Arewa mai takarda don ta cike guraben da Turawa da 'yan Kudu suke riƙe da su. Dattawanmu da suke zaune a nan shaida ne, a wancan lokaci tun ɗalibi bai rubuta jarrabawar ƙarshe ba aiki yake jiransa, da gida, da rancen mota. A ƙetaren kogi kuma ga masaƙun Kakuri, wadda ta fara a cikinsu, wato KTL, ta soma aiki a 1957. Ga kamfanin harhaɗa motocin Peugeot da aka buɗe a 1975, ga matatar mai a 1980, ga jaridar New Nigerian da kamfanin NNDC a kan titin Ahmadu Bello. Duk waɗannan suna ɗaukar akawu da akanta da injiniya da manaja.

Sai abubuwa suka fara juyawa. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar Naira ta faɗi, aka shiga rage ma'aikata. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, ta UNTL ta tsaya a 2007. Bankin Arewa ya narke cikin bankin Unity a 2006. Ƙofofin da suke karɓar masu takarda suka yi ta rufewa, su kuwa ƙofofin da suke fitar da su suka yi ta ƙaruwa, domin Jami'ar Jihar Kaduna kanta a 2004 aka kafa ta. Ɗan yau ba malalaci ba ne fiye da ubansa. Layin ne ya yi tsawo, tagar kuma ta ƙanƙance.

Ga wanda yake son shaida, a 2012 kamfanin Dangote ya nemi direbobin manyan motoci 100 daga cikin masu digiri. Alhaji Aliko da bakinsa ya bayyana cewa mutum wajen 13,000 ne suka nema, a cikinsu akwai 704 masu digiri na biyu da 6 masu digirin digirgir. Ranar 15 ga Maris 2014 kuma aka tara dubban ɗaruruwan matasa a filayen wasa na ƙasar nan don jarrabawar shiga hukumar shige da fice, kowanne ya biya Naira 1,000, aka yi turereniya, fiye da mutum 10 suka rasa rayukansu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 aka sauya ma'auni, aka ce wanda ya yi aikin awa ɗaya tak a mako ba ya cikin marasa aiki, sai ga adadin ya dawo wajen kashi 4. Ba wanda ya samu aiki saboda wannan sauyi, mudun ne kawai aka canja.

To, shi mai digiri na biyu nasa ya ɗan sha bamban da na sauran. Da yawa daga cikin ƙannenmu, mu faɗa wa juna gaskiya, ba shauƙin bincike ne ya mayar da su jami'a ba. Aiki ne ya gagara, zaman gida ya ishe su, sai suka mayar da makaranta zauren jira. Karatun da aka ce shekara biyu ne ya zama huɗu, ga yajin aikin malaman jami'a na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, ga malamin da yake duba kundin bincike ba ya samuwa. Ranar da ya fito sai ya tarar bankuna da manyan kamfanoni suna neman wanda bai wuce shekara 26 ko 27 ba, shi kuwa ya haura 30. Ƙananan wurare su ce takardarsa ta fi ƙarfinsu, ba za su iya biyansa ba, ko kuma suna tsoron gobe ya gudu. Jami'a, wadda ita ce gidansa na asali, ta ce babu gurbi, ko ta ba shi koyarwar wucin gadi da ake biya bayan wata da watanni. Wani ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja da kuɗin rance don ganawar minti goma, a ce masa za a neme shi. Yana nan yana duba waya.

Ba kullum ne baƙin labari ba. Lokacin da gwamnatin jihar nan ta yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017 ta sallami 21,780, ta kuma sanar da ɗaukar 25,000, wasu masu babban digiri sun shiga ta nan. Wasu sun ɗan numfasa da Naira 30,000 ta shirin N-Power da aka fara a 2016. Amma shi wancan na farko dariyar wani ce a kan kukan wani, na biyun kuma kwantiragi ne mai wa'adi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda kuma shi ne dalilin tsayuwata a nan. Rashin aiki yana cin aljihu, amma abin da ake yi wajen neman aikin yana cin addini.

Na farko sayen gurbi. Wannan ba jita-jita ba ce, domin a 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna a bainar jama'a ya saurari shaidu a kan yadda ake sayar da guraben aikin gwamnatin tarayya da miliyoyin Naira. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya la'anci mai ba da cin hanci da mai karɓarsa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma a Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin munanan al'adun sarakunan da ya yaƙa. Sauya mata suna zuwa na goro ko kuɗin fom ba ya sauya hukuncinta. Na san za a ce mini ai akwai malaman da suka yi rangwame ga wanda aka danne wa haƙƙinsa, ba shi da wata hanyar karɓo shi sai ya ba da wani abu, suka ce zunubin yana kan mai karɓa. Haka ne, sun faɗa. Amma ina so mu lura da kyau. Wannan rangwame ya shafi haƙƙin da ya riga ya tabbata naka ne, kamar fanshon da ka yi wa aiki aka riƙe. Gurbin da mutum dubu suke nema bai zama naka ba tukuna. Idan ka saye shi, wani ɗan talaka ka ture, mai yiwuwa wanda ya fi ka cancanta, mai yiwuwa ma yana sahu ɗaya da kai a masallacin nan. Sannan wanda ya ci bashin miliyan biyu ya sayi kujera, ranar da ya zauna a kanta daga ina kuke zaton zai biya bashin?

Na biyu shaidar zur. An mayar da zuwa kotu a yi rantsuwar rage shekaru kamar sayen katin waya, haka nan karɓo takardar zama ɗan asalin ƙaramar hukumar da ko hanyarta mutum bai sani ba. Annabi (S.A.W.) ya sanya shaidar zur cikin mafi girman manyan zunubai, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Wani ɗalibi ya taɓa tambayata ko ya halatta ya bar digirinsa na biyu bai rubuta shi a takardar neman aiki ba, tunda shi ne yake sa a ƙi shi. Na ce masa idan ba a shardanta a bayyana dukkan takardu ba, shirunsa ba ƙarya ba ne. Amma in an tambaye shi kai tsaye, ba shi da damar musu.

Na uku kuwa ya fi duka muni, wato zuwa wurin boka da ɗan duba. Abin kunya ne a ga wanda ya rubuta kundin bincike mai shafi ɗari biyu ya tuɓe takalmi gaban mai zanen ƙasa, ana ba shi layar da zai sa a aljihu ranar ganawa. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Wannan tauhidi ne ake sayarwa. 'Yan uwa mata kuma suna da tasu jarrabawar, ta manyan da suke neman mutuncinsu kafin su sa hannu a takarda. Duk mai riƙe da muƙami da yake aikata haka ya sani akwai ranar da babu ɗan aike a ƙofarsa.

Kada wani ya fahimci cewa neman aiki ko bayyana ƙwarewa aibi ne. A Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusufu (A.S.) da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya kafa hujja da amana da sani. A Suratul Ƙasas Annabi Musa (A.S.) ya isa Madyana ba shi da komai, ya shayar da dabbobin mata biyu, aka ɗauke shi kiwo na shekara takwas ko goma saboda ƙarfi da amana. Wanda ya tashi a fadar Fir'auna ke nan, bai ce kiwo ya yi masa ƙanƙanta ba. Haka nan ba laifi ba ne wani babba ya yi maka magana idan ka cancanta kuma ba a tauye kowa ba. Laifin shi ne a ɗora wanda bai iya ba don uwarsa tana gindin murhu, abin da hadisin Bukhari ya nuna alama ce ta tozarta amana da kusantowar Alƙiyama.

Akwai kuma wata cuta a cikinmu mu 'yan boko, wadda ba gwamnati ce ta sa mana ita ba. Mun ɗauka aiki shi ne tebur da kujera da ɗan aike. Annabi Dawuda (A.S.) daga aikin hannunsa yake ci, Annabi Zakariyya (A.S.) kafinta ne, Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) da aka yi masa tayin rabin dukiya a Madina kasuwa ya nemi a nuna masa. Ku shiga Panteka ku ga yaran da ba su gama sakandare ba suna ƙera injin niƙa da ƙofofi da tukwane, wasunsu suna ciyar da gida biyu. Abin da suka rasa shi ne mai zana musu aiki a kwamfuta, mai tsara musu lissafi, mai nemo musu kasuwa. Mai digiri na biyu a injiniya ko tattalin arziki yana zaune a Unguwar Dosa yana jiran Abuja, alhali ilminsa a nan ake bukatarsa. Ba na ce kowa ya yar da takardarsa ba, kuma ba na yaudararku cewa sana'a ba ta son jari, musamman bayan cire tallafin mai a 2023. Ka ci gaba da nema, amma hannunka yana riƙe da wani abu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Iyaye, ku sassauta harshe. Yaron da ake ce wa ina amfanin karatun naka safe da yamma, shi ne gobe zai amsa kiran mai sayar da gurbi, ko ya faɗa shaye-shaye. Masu 'ya'ya mata, ku daina cewa sai mai albashin gwamnati.

Mu kanmu masu da'awa akwai haƙƙi a wuyanmu. Wasu makarantun Islamiyya da na boko da 'yan uwa suka mallaka a wannan gari suna biyan mai digiri na biyu abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, sannan a jinkirta masa, in ya yi magana a ce ya yi don Allah. Mai makarantar kuwa ba don Allah yake karɓar kuɗin ɗalibai ba. Wanda ba zai iya biya ba ya zauna da malamansa ya buɗe musu littafin kuɗi su gani. Masu fitar da zakka kuma su sani malaman Shafi'iyya, irin su Imam Nawawi, sun yi bayanin cewa ana ba mabukaci mai sana'a abin da zai sayi kayan aikinsa. Maimakon a raba Naira dubu biyar biyar ga mutum ɗari a ƙofar gida, a zaɓi biyu ko uku a tsayar da su da ƙafafunsu.

Ina roƙon kwamitin wannan masallaci ya buɗe rajista ya rubuta sunan kowane ɗan uwa da 'yar uwa da suka gama karatu ba su da abin yi, da fannin da kowa ya karanta. 'Yan uwan da suke aiki a sakatariyar tarayya ta Kawo da ta jiha da kamfanoni, duk wanda ya ji an buɗe ɗaukar ma'aikata ya sanar da kwamiti tun wa'adi bai wuce ba, kada ya ɓoye wa 'yan ɗakinsu kaɗai. Masu shaguna a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da masu garejoji da suke iya karɓar mutum ɗaya su ba da sunayensu bayan sallar Isha'i.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.