Jawabin Dattawan Ikkilisiya a Bikin Cika Shekara 50

 

'Yan'uwa, kowa ya dubi wanda ke zaune kusa da shi. Ga Bahaushe wanda kakanninsa suka noma dawa a ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur, ga Bajju da Kataf daga kudancin Kaduna, ga Bayarabe, ga Ibo, ga Tibi. Ba dabararmu ce ta tara mu ba. Jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙaurar Namoda ya ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa. Auduga da gidajen gurzarta suka jawo wasu. A 1975 aka buɗe babban aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, malaman gona suka zo daga ko'ina. Neman abinci ya kawo iyayenmu, Allah kuwa ya mai da su iyali ɗaya. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, shi ya ba su harshen sujada tare.

Mun kuma sha wuya tare. Tsofaffinmu suna tuna 1966, lokacin da 'yan'uwanmu Ibo suka gudu suka bar shaguna da gidaje. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso Funtuwa, aka ƙone majami'u. Bayan zaɓen 2011 muka sake ganin hayaƙi. Wuta ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ba. Kada kuma mu manta, a cikinmu akwai waɗanda maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su.

Mu Hausawa masu bi mun san zafin a auna mutum da asalinsa. A gida dangi sukan ce Bahaushe ba ya zama Kirista. Mu je kudu, a ji sunanmu Audu ko Ladi, sai a riƙa yi mana kallon zargi a ƙofar majami'a. Shi ya sa muka yi murna a 2023 da 'yan'uwanmu Katolika suka sami dayosis a Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, bishop na farko.

To, amma yau ranar faɗin gaskiya ce. Abin da ke ƙona mana rai, mu ma muna yi wa juna. Lokacin zaɓen dattawa, sai a ji ana raɗa cewa "namu" ya kamata ya hau. Yaro ya nemi 'yar wata ƙabila da aure, iyayen da suka yi shekara talatin suna cin jibin Ubangiji tare su ce sam. Mukan kira mutum baƙo, alhali a nan aka binne mahaifinsa.

Ikkilisiyar farko ma ta gamu da wannan. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su rufe maganar ba. Suka sa aka zaɓi mutum bakwai, dukansu kuwa masu sunayen Helenanci, wato aka danƙa aikin a hannun ɓangaren da ya yi kuka. Bayan haka ne masu bi suka ƙara yawa.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na ɗaya, a zaɓi shugabanni bisa ga hali da tsoron Allah. Na biyu, a ba kowane harshe fili ya rera waƙarsa ranar Lahadi, a kuma fassara wa wanda bai ji ba. Na uku, kafin bikin godiyar kaka na bana, kowane gida ya gayyaci iyalin wata ƙabila su ci tuwo tare.

A Littafin Firistoci sura 25, shekara ta hamsin shekarar 'yanci ce da komawa ga dangi. Duk mai riƙe da ɗan'uwansa a zuciya, bari ya sake shi yau. Allah ya sa jikokinmu su yi bikin shekara ɗari suna garke ɗaya. Amin.