Uwa, Duba Jakar Jaririnki

Jama'a masu saurare, musamman ɗaliban yaƙi da jahilci na Tsarnawa da ƙauyukan Ƙonni, Malbaza da Illela. Zancenmu na yau zance ne da ake jin kunyarsa. Amma mai ɓoye ciwonsa, shi ciwo ke ɓoyewa.

Tun yaro yana cikin mahaifiyarsa, ƴaƴan marainansa a cikin cikinsa suke, kusa da ƙoda. A watannin ƙarshe kafin haihuwa sai su gangaro ta wata ƴar hanya a matsematsi, su sauka cikin jaka. Bayan sun wuce, hanyar sai ta rufe.

Wani lokaci ɗan maraina ɗaya yakan tsaya a hanya. Cikin jarirai maza 100 da suka cika wata tara, kamar 3 ake haifa haka. A bakwaini abin ya fi yawa. Da dama sukan sauko da kansu kafin wata 6. Wanda bai sauko ba a lokacin, da wuya ya sauko daga baya.

Me ya sa za mu damu? Cikin ciki ya fi jaka zafi, zafin kuwa yana lalata iri. Yaro na iya girma ya yi aure, haihuwa ta yi masa wuya, a ɗora wa matarsa laifi. Kuma ɗan marainan da aka bari a ciki ya fi saurin kamuwa da ciwon daji.

Ga matsala ta biyu. Idan bai sauko ba, sau da yawa hanyar nan ma ba ta rufe ba. Sai hanji ya zurara ciki, matsematsi ya kumbura in yaro yana kuka ko tari. Wannan ita ce gwaiwa, wasu su ce ƙaba. Ba maita ba ce, ba laifin uwa ba ne.

Maganin duka biyun aikin fiɗa ne. Lokacin da ya fi kyau shi ne tsakanin wata 6 da wata 18. In likita ya taɓa ya ji ɗan marainan a matsematsi, yakan yi ƴar tsaga nan, ya ɗaure hanyar, ya saukar da shi.

In kuwa bai ji shi ba, akwai wata dabara da aka fara a ƙasar Italiya a 1976. Ana sa yaro barci. A huda cibiya, a zura siririn bututu mai fitila da kyamara. Likita yana ganin cikin a allo kamar talabijin. Sai ya yi wasu ƴan huji biyu, kowane bai wuce faɗin fensir ba, ya jawo ɗan marainan zuwa jaka. Yana kuma ganin bakin hanyar ta dama da ta hagu. In gwaiwa na nan, sai ya gyara ta a lokaci guda. Barci ɗaya, gyara biyu. In ɗan marainan ya yi nisa ƙwarai, akan raba aikin biyu, wata 6 tsakani.

Ba kowane asibiti ke da wannan na'ura ba, sai manya. Kada wannan ya hana ku tashi. Ku fara da likitar garinku. Su za su tura ku Ƙonni, ko Tawa, ko asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, ko Yamai.

To, ga abin yi. Uwa, in kina wa jariri wanka da ruwan ɗumi, taɓa jakar a hankali. Biyu ne ko ɗaya? Ungozoma, duba tun ranar haihuwa. Maigida, kada ka jira kuɗin albasa, kada ka kai shi a yi masa tsaga ko lalas.

In kumburin ya yi tauri, ya ƙi komawa, yaro na amai da kuka ba tsayawa, hanji ya maƙale ke nan. Ku nemi mota nan take, ko da tsakar dare ne.

Ku tattauna wannan a ajinku, kowa ya rubuta a littafinsa: biyu ne ko ɗaya? Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.